Ina Za Mu Zauna, Yaya?

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman ku 'yan makaranta masu ɓoye wannan mujalla a tsakiyar littafin lissafi. Yau dai babu girki, babu kwalliya, babu kuma wasiƙar saurayi. Maganar kujera na zo da ita. Kar ku yi dariya tukuna, ku bari sai kun ji.

Kowa ya sani a ƙasarmu kujerar gaba ta manya ce. Ki je wajen ƙaddamar da littafi, ko walimar sauka, ko ranar raba kyaututtuka a makarantarku, za ki ga an jera kushin masu laushi a gaba, fararen kujerun roba a tsakiya, benci a can ƙurya, 'yan tsaye kuma a bakin taga. Da inda aka zaunar da mutum ake gane matsayinsa. Mun tashi da wannan a jininmu, shi ya sa duk ranar da aka miƙa wa Bahaushe taswirar kujerun gidan wasa aka ce ya zaɓa, to yatsansa layin farko zai nufa ko tambaya ba zai yi ba. Alhali a gidan wasan kwaikwayo na waƙa da rawa, layin farkon nan sau da yawa wahala ce kika saya da kuɗinki.

Bari in fara gaya muku irin wasan da nake nufi. Kun san fim ɗin Indiya, ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa, kun kuma san finafinanmu na Hausa da suka ɗauko wannan hanya. To ki ƙaddara haka ne, sai dai babu allo babu kaset, mutanen ne da ransu a gabanki kan dandamali, makaɗa na kiɗa nan take, mawaƙiya na rera waƙa kina ganin ƙirjinta na hawa da sauka don numfashi. Turawa sun ɗauki abin nan da muhimmanci ƙwarai. A tsakiyar Landan kaɗai akwai gidajen wasa da dama maƙwabtan juna, wasu manya kamar Lyceum mai cin mutum fiye da 2,000, inda aka fara nuna The Lion King tun 1999, wasu kuma ƙanana, tsofaffin gine-gine matsattsu da aka cusa tsakanin shaguna. A kan ƙananan nan nake magana, don a cikinsu ne mutum yake ruɗuwa ya ce ai wurin ɗan mitsitsi ne, ko'ina na zauna zan gani. Ina! Ƙaramin ɗaki ma yana da lungu.

A 2023, lokacin muna zaune a Landan saboda karatun maigidana, autarmu ta zo wurina. Aurenta ne ya mutu, ta gama idda, amma ta ƙi fita ko ƙofar gida, ta ƙi cin abincin kirki, ko ƙawayenta sun zo sai ta ce a ce tana barci. Umma ta rasa yadda za ta yi da ita, shi ne aka yi ta faɗi-tashi har aka samo mata biza aka turo min ita ko canjin iska zai yi mata amfani. Auta da a da sai an ce ta yi shiru don surutu, sai ga ta wuni guda a bakin taga tana kallon ruwan sama. Na kai ta kasuwa, na kai ta bakin kogi, na kai ta kallon fadar sarki, duk dai “to” da “uhm” ne amsarta. Wallahi abin ya dame ni ba kaɗan ba.

Ana nan sai na tuna da wani wasa mai suna Six, wato shida, wanda aka gina a kan matan Sarki Henry na Takwas na Ingila. Shi wannan sarki mata shida ya aura, amma fa ba a lokaci guda ba, tunda addininsu bai yarda da haɗa mata ba, sai dai ya rabu da wannan ya kawo waccan. Kuma rabuwar tasa Allah ya kiyaye. Uwargidan, Catherine ta Aragon, bayan zaman shekara fiye da 20 ya sa aka warware aurensu a 1533. Anne Boleyn ya sa aka fille mata kai a 1536. Jane Seymour ta rasu a 1537, kwanaki kaɗan bayan ta haifa masa ɗan da yake ta nema. Anne ta Cleves wata shida kacal ta yi a 1540 aka raba auren. Catherine Howard ita ma takobin hukunci ya hau kanta a 1542, ko in ce gatari. Catherine Parr ce kaɗai ya mutu ya bari da igiyarsa a 1547. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Cambridge, Toby Marlow da Lucy Moss, su suka zauna suka ce bari a tara matan nan shida a dandamali ɗaya, a ba kowacce makirufo ta faɗi nata da bakinta, a yi gasar wadda ta fi shan wuya a hannun miji. An fara nuna shi a bikin wasanni na Edinbara a 2017, ya yi zamansa a wani ɗan ƙaramin gida mai kujeru 350 a Landan, daga baya a 2021 aka mai da shi gidan wasa na Vaudeville da ke kan titin Strand. Shi sarkin ko inuwarsa ba a nunawa. Mata ne zalla, har makaɗan huɗu da ke zaune a bayan dandamali da ganga da jita duk mata ne.

Na ce a raina, wannan kam Auta sai ta gani. Kuma ba gani na hangen dala ba, so nake ta ga idon matan nan.

Da na gaya wa maigidan, bai yi musu ba, ya ce shi zai biya, zai kuma zauna da yara mu je mu biyu. Na buɗe taswirar kujerun a kwamfutarsa, ya leƙo ta kafaɗata, ya dangwala yatsa a layin farko.

“Ga shi nan, tsakiya. Baƙuwa guda a ce an kai ta baya? Sai a ce na yi rowa.”

“Yallaɓai, wannan ba ɗaurin aure ba ne,” na ce masa. “Ka bar min wannan, kai dai miƙo katin.”

“Ke dai kin fiye iyayi. Kuɗina ne fa.”

“Wuyan ƙanwata ne fa.”

Ya yi dariya ya miƙo. Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na ƙi.

Shi dandamali ɗagagge ne, ya fi ƙasan da kujeru suke tudu. In kina layin farko, bakinsa na nan daidai fuskarki ko ma sama da haka in ke gajera ce, sai ki wuni kai a ɗage kamar mai neman jinjirin watan Sallah. Minti goma na farko daɗi, daga nan ƙeya ta fara ƙara. Sannan ƙafafun 'yan rawa, waɗanda rabin gwanintar a nan take, bakin dandamalin ya kan yanke miki su in sun ja baya. Ga shi idan mata shida suka bazu daga wannan gefe zuwa wancan, idonki ba zai iya ɗaukarsu gaba ɗaya ba, sai ki yi ta waige-waige, kina kallon ta dama ta hagu ta yi abin dariya kowa ya kwashe ke ba ki gani ba. Ga lasifika kusa da kunnenki, kiɗan Six kuwa ba na rarrashin jariri ba ne. Akwai kuma wata magana da sai mu-ya-mu: kayan 'yan wasan nan gajeru ne, masu ƙyalli da ƙusoshi, an ma ba mai tsara su babbar kyautar Tony a Amurka a 2022. Daga nesa kaɗan ado ne abin sha'awa. Daga ƙarƙashinsu kuwa, in da yayanki namiji ko mijinki ko wata babba kuka je, kunya ce za ta hana ki ɗaga kai, kin ga kuɗi sun tafi a kallon takalminki.

Gidan na Vaudeville tsoho ne, tun 1870 aka fara buɗe shi, ginin da ake shiga yanzu kuma na 1926 ne. Yana cin mutum wajen 690, a hawa uku: ƙasa, da bene na farko, da bene na biyu. Layuka da harufa ake kiransu, A, B, C, a tafi baya, kujeru kuma da lamba. Siriri ne mai tsawo, kamar zauren gidan da. Wannan sirantaka alheri ce ta wani wajen, don ko kina ƙarshen layi ba ki yi nisa da tsakiya sosai ba. Amma tsawon nan shi ne tarkon. Wadda ta gudu daga gaba ta ce bari in koma can baya kamar yadda ake yi a gidan sinima, to ta faɗa wata matsalar. Benen farko ba a bayan kujerun ƙasa yake ba, a kansu yake, ya miƙo kamar rumfa. Duk wadda ta zauna can ƙarƙashin rumfar nan, sai ta ga saman dandamali ya yanke, kamar mai leƙen tsakar gida ta ƙasan labule. 'Yan wasan dai za ki gan su, amma fitilun sama da suke canza launi da kowace waƙa wani sashinsu ya wuce ki, ga rufi daf da kanki ya tokare, sai ki ji kamar kina kallon biki daga ɗakin maƙwabta.

Bene na biyu shi ne mai arha, kuma ba na raina shi, don 'yar makaranta mai tara kuɗin tara ba ta da abin da ya fi shi. Kuɗin kujerar tsakiya a ƙasa ya kan ninka na can sama sau biyu ko fiye. Waƙa za ki ji ta tas, tsarin rawa ma daga sama ya fi fitowa. Sai dai ki sani matattakala ce za ki yi ta hawa, kujerun a tsaye suke kamar an jera su a jikin dutse, wurin miƙe ƙafa kuma sai a hankali, don mutanen da suka gina gidajen nan ba su yi lissafin dogaye ba. Kar ki kai tsohuwa mai ciwon gwiwa, kar ki kai mai juna biyu, kar ki kai mai jin jiri in ta leƙa ƙasa. Fuska kuma daga can sai dai ki ƙiyasta.

Akwai waɗansu 'yan akwatuna da ake maƙalawa a bangon gefe a tsofaffin gidajen wasa, kujera biyu ko huɗu da labulensu, irin waɗanda kuke gani a fim sarauniya na ɗaga hannu daga ciki. Saurayi mai son burga su yake fara tambaya. An yi su ne don jama'a su kalli na ciki, shi kuwa na cikin gefen kan 'yan wasa yake kallo, kusurwa guda ta dandamali kuma ta ɓace masa ɗungum. In ya matsa sai can, ki ce masa kin gode.

Saura wuri biyu ke nan, kuma a kansu na daɗe ina juya linzamin kwamfuta har shayina ya huce: layukan gaba na benen farko, da tsakiyar ƙasa, kamar daga layi na biyar zuwa na takwas.

Gaskiya in ni kaɗai ce, bene zan hau. Daga nan dandamali yake shimfiɗe a gabanki kamar faranti, babu kan kowa, kina ganin yadda shidan suke jeruwa su watse su sake haɗuwa, kina ganin makaɗa, kina ganin wuta na zagaye ƙasa. Abin lura ɗaya shi ne ƙarfe ko ɗan bangon da ake sawa a gaban layin farko don kar a faɗo, wanda ya kan gitta a idon gajere, shi ya sa layi na biyu ya kan fi na farko daɗi. Amma ba don ni za a je ba. Auta tabarau take sawa. Turancinta na makaranta ne mai kyau, sai dai waƙoƙin nan da sauri ake yinsu, cike da habaici da juya kalma, kuma na lura wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne ya fi kama magana in yana ganin bakin mai yinta. Uwa uba, abin da nake so ya shige ta ba a ƙafa yake ba, a fuska yake. Sai na sayi biyu a ƙasa, tsakiyar layi, inda kan mutum ya kusa daidaita da na mai tsaye a dandamali, rumfar bene kuma tana bayanmu.

Kafin in biya na duba abu ɗaya da nake so ku riƙe: in akwai ginshiƙi ko ƙarfe ko wani abu da zai tare gani, gidajen wasan Landan su kan rubuta gargaɗi a jikin kujerar tun a taswira, su kuma rage mata kuɗi. In kika ga kujera ta yi arha fiye da maƙwabtanta, ruwa ba ya tsami banza, ki karanta ƙananan rubutun nan. Wani lokacin abin da za ki rasa bai taka kara ya karya ba, sai ki ci riba. Akwai kuma rumfar TKTS a dandalin Leicester inda ake sayar da tikitin ranar da rangwame, amma can abin da ya rage za a ba ki, ba ki da ta cewa sosai.

Ranar da za mu tafi, Auta ta fito ta ɗaura ɗankwali ture-ka-ga-tsiya, karo na farko da na ga ta yi kwalliya tun zuwanta. Raina ya yi fari, amma dole na ce, “Auta, sauke shi ƙasa-ƙasa. Akwai mutum a bayanki, shi ma kuɗi ya biya.” Ta zumɓura baki ta sake ɗauri ta yafa gyale. Ku ma ku riƙe wannan, gwaggwaro da gidan wasa ba sa shiri. Na kuma sa ta zagaya tun kafin a fara, don Six minti 80 ne a jere babu hutun rabin lokaci, mai kujerar tsakiya kuwa in ta tashi sai ta tayar da mutum goma. Wadda ta san ba ta iya dogon zama, ko tana tare da yaro, ta nemi bakin layi ko da ganin ya ɗan karkace.

Muna shiga ta tsaya tana kalle-kalle, ta riƙo gefen mayafina kamar tana 'yar shekara biyar.

“Ina za mu zauna, Yaya?”

Na nuna mata. Muna zama sai ga wani Bature dogo kamar falwaya ya zo ya dasa kansa daidai gabanta. Wannan kam babu taswirar da za ta gaya miki shi, rabo ne. Amfanin zuwa ku biyu ke nan, sai muka yi musanya, ni na ɗauki falwayar, ita ta samu wata 'yar tsohuwa ƙarama a gabanta.

Aka kashe wuta, kiɗa ya tashi har cikin ƙirji. Waƙoƙin farko Auta na zaune ƙiƙam, hannu a cinya. Ni rabin hankalina na dandamali, rabi na gefen fuskarta. Da aka zo kan Anne ta Cleves ne abin ya sauya. Ita wannan baiwar Allah a hoto sarki ya fara ganinta, zanen wani gwani Hans Holbein, ya ce ya ji ya gani, da aka kawo ta kuma ya ce ba haka ya zata ba. Kun ji fa, tsoho mai ƙaton ciki da gyambo a ƙafa shi ne mai raina surar 'yar mutane! Aka raba auren, aka sallame ta da gidaje har da fadar Richmond da kuɗin shiga, ta yi zamanta a Ingila ba mai ce mata tashi ko zauna, ta kuma riga ta ga bayan sarkin da sauran matan duka, sai 1557 ta rasu. 'Yar wasan da ta fito a matsayinta tana ƙoƙarin yin fuskar tausayi don ta ci gasar wahala, amma dariya na cin ta, ta ɗaga gira ɗaya, ta ɗan karkace baki. Wannan ɗaga girar daga bene na biyu ba za a gan ta ba. Auta ta gan ta. Sai ji na yi ta tuntsire da dariya, irin tata ta da mai haɗe da shaƙuwa, har 'yar tsohuwar gabanta ta waigo tana murmushi. Rabona da jin wannan dariya tun kafin bikinta.

Ta Catherine Howard kuwa, ku 'yan makaranta, ita na so a ce kuna wurin. Yarinya ce ɗanya, masana tarihi na ganin ba ta kai 20 ba lokacin da sarki mai shekara 49 ya aure ta. Waƙarta da rawar kai take farawa, tana ba da labarin mazan da suka yi ta cewa suna sonta tun tana ƙarama, na farkonsu ma malamin da aka ɗauka ya koya mata kiɗa. Kowane baiti amshi iri ɗaya ne, kiɗa iri ɗaya, mutane na tafi. Amma a hankali murmushin yana bushewa a fuskarta, sauran matan suna ɗora mata hannuwa a kafaɗa da ƙugu tana ƙoƙarin zamewa, har a ƙarshe ta tsaya ita kaɗai cikin haske, ido ya ciko, tana haki. Wanda ke nesa zai iya ci gaba da kaɗa kai har waƙar ta kusa ƙarewa bai farga ba. Daga inda muke, tun a baiti na uku muka ga leɓenta na rawa. Auta ta laluɓo hannuna ta damƙe, ba ta saki ba sai da aka shiga waƙar gaba.

A ƙarshe matan suka watsar da gasar, suka haɗa murya, kowa a ɗakin ya miƙe tsaye, aka saki 'yan takardu masu ruwan zinariya suna zubowa daga sama a kan na ƙasa. Muka fito titin Strand cikin turmutsutsu, motocin bas jajaye na wucewa, iska mai sanyi na kaɗawa. Ina cire mata ƙyalƙyalin da ya maƙale a gyale sai ta ce, “Yaya, wai da gaske ita ta huɗun nan har da fada aka ba ta?”

Na ce da gaske.

Ta yi shiru, can ta ce, “Ni ko kofin shayina sai da aka ƙirga.” Ta sake fashewa da dariya, ni ma na taya ta, muna tafe muna tangaɗi mutane na kauce mana. Daga nan ta ce yunwa take ji, in nemo mata inda ake sayar da shinkafa mai yaji, kuma ita faranti biyu za ta ci.